TSUFA A BAƘON WURI: INA ZA MU ZAUNA, WA ZAI RIƘE MU?

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiyarmu ya gabatar a zaman da aka keɓe don duba sha'anin tsofaffi a nan Mubi. Mun buga shi kamar yadda ya karanta, haɗe da 'yan ƙare-ƙaren da ya yi da baki.)

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Da aka kawo mini takardar gayyata aka ce in yi magana a kan tsufa, sai na ce wa yaron da ya kawo ta, wato kun duba ƙungiyar nan kaf ba ku ga wanda furfura ta fi ci ba sai ni ke nan? To, na karɓa, domin magana ce da ta daɗe tana ci mini rai. Kuma ina roƙon yayyena da ke zaune a nan su yi mini afuwa idan na taɓo inda ke ciwo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Maganar da na zo da ita guda ɗaya ce. Wajibi ne kowane ɗayanmu ya yanke shawarar inda zai ƙare rayuwarsa, da wanda zai lura da shi, da abin da za a lura da shi da shi, tun yana da ƙarfi da hankalinsa. Ya faɗa wa iyalinsa, kuma ya rubuta. Wanda bai yanke ba, ciwo ne zai yanke masa, ko magada, ko wata fitina da bai shirya mata ba.

"Baɗi zan koma gida"

Na zo garin nan ina saurayi, ana ce wa jihar Gongola. Tun daga ranar nake jin wata kalma a bakin dattawanmu, a rumfar kasuwa da ƙofar masallaci: "Baɗi in Allah Ya kai mu zan tattara in koma gida." Wannan ya ce Kano, wannan ya ce Katsina, wancan ya ce Haɗeja ko Zariya ko Damagaram. Jama'a, mafi yawan waɗanda na ji suna faɗin haka, da hannunmu muka kai su maƙabarta a nan Mubi. Allah Ya jiƙansu. Ba su yi ƙarya ba, niyyarsu ke nan. Abin da ya faru shi ne sun zauna shekara arba'in da ƙafa ɗaya a waje, ba su gina can ba, ba su kuma kafu a nan ba. Yau ga shi ni ma nakan kama bakina yana faɗin baɗi.

Kakanninmu da iyayenmu sun shigo ƙasar nan ne da fatauci da koli da fawa da dillancin shanu da almajiranci, wasu kuma daga baya aikin gwamnati ya kawo su. Kuma yana da kyau matasa su san cewa garin nan kansa ya sha canjin hannu. Jamusawa sun mamaye shi a 1903, Ingilishi suka karɓe a zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya zama ƙasar amana. Sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a watan Fabrairu na 1961 kafin yankin ya shiga Nijeriya sosai ranar 1 ga Yuni na wannan shekara, Mubi ta zama hedkwatar Lardin Sardauna. Daga nan aka shiga Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, Adamawa a 1991. Kun ga akwai tsohuwar da ba ta taɓa sauya ɗaki ba, amma an yi ta sauya mata hukuma tana zaune. Darasin shi ne, mu mazauna bakin iyaka ba ma ɗaukar zama lafiya da takarda da wasa.

Abin da 2014 ta koya mana

Ba na son tada tsohon miki, amma ba yadda za a yi maganar tsofaffi a Mubi a tsallake ranar 29 ga Oktoba, 2014, ranar da 'yan Boko Haram suka shigo suka kama garin nan har suka sauya masa suna. Kowa a nan ya san inda ƙafarsa ta kai shi. Wasu suka hau duwatsu suka faɗa Kamaru, wasu suka bi ta Maiha, wasu suka isa Yola bayan kwanaki. Mai ƙarfi ya gudu. To, wanda ɓarin jikinsa ya shanye fa? Makaho fa? Tsohuwar da ko bayan gida sai an riƙe ta? Na ga ɗan da ya goya uwarsa, na ga wanda ya tura ubansa a baro, Allah Ya yi musu albarka. Amma akwai waɗanda aka ja wa ƙofa aka ajiye musu ruwa a buta aka tafi ana kuka, domin ba wanda ya taɓa zama ya tsara wa zai ɗauki wa.

Kafin a ƙwato garin a tsakiyar Nuwamba, da kuma watannin da suka biyo baya kafin harkoki su daidaita, na lura da abu uku. Masu shan maganin hawan jini da na suga, magani ya yanke musu. Waɗanda takardun gida da na banki suka salwanta, sun sha wuya kafin su tabbatar da abin da yake nasu ne. Sannan waɗanda suka gudu "gida", can garuruwan asali, da yawa sun dawo mana da labari iri ɗaya: an tarbe su da murna mako biyu, a na uku aka fara tambayar yaushe hanya za ta buɗe. Ban ga laifin dangi ba, kowa da nauyin da ke kansa. Bahaushe dama ya ce baƙo raɓa ne.

Yanzu bari mu duba hanyoyi uku da ke gaban mai tsufa a cikinmu.

Hanya ta farko: komawa gida

Komawa gida abu ne mai kyau ga wanda yake da gidan komawa. Amma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kafin ka ɗaure kaya, tambayi kanka: gonar gado tana nan ko an raba an sayar? Ɗakin da za ka kwana, naka ne ko na ɗan ƙanenka? Tsararrakinka da za ku yi hira bayan la'asar, mutum nawa suka rage? Sannan babbar tambaya, wa zai bi ka? 'Ya'yanmu a nan aka haife su, Fulatanci a bakinsu kamar Hausa, sana'arsu da abokansu duk a nan. Da yawa daga cikinmu matanmu 'yan ƙasar nan ne, danginsu na nan kusa. Tsohuwar da ta yi shekara hamsin a Kolere ko Lokuwa, idan ka ɗauke ta ka kai ta inda ba ta san kowa ba, ka koma gida, ita kuwa ka mai da ta baƙuwa da tsufanta.

Shawarata ga mai wannan niyya ita ce ya gwada kafin ya sayar da komai. Ya je ya yi wata uku cur, musamman da damina, ya ga inda asibiti yake, ya ga wa ke leƙo shi idan zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya gina ɗakinsa da kuɗinsa, da shaidu. Zumunta a ƙafa take. Wanda bai je suna ko jana'iza ba shekara ashirin, kada ya sa ran a share masa zaure ranar da ya sauka da sanda.

Hanya ta biyu: zama a Mubi

Mafi yawanmu a nan za mu tsufa, ko mun furta ko ba mu furta ba. To, mu furta mana, mu kafu. Kafuwa ta farko ita ce takardar muhalli. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamnan jiha, shi ke ba da takardar shaidar mallaka. Da yawa daga cikin gidajenmu ba su da komai sai 'yar takardar ciniki, wasu ma ko ita babu, sai "ai mai unguwa ya sani." Mai unguwar da ya sani ya rasu, shaidu sun rasu. Ranar da mai gida ya bi su, sai a bar tsohuwa da marayu da shari'a. Wanda bai iya kaiwa ga babbar takarda ba, aƙalla ya sabunta ta ciniki da shaidu rayayyu, ya yi kwafi, ya ajiye ɗaya a wani gari. Gida biyu maganin gobara.

Kafuwa ta biyu ita ce maƙwabtaka. 'Ya'yan da muke taƙama da su suna Yola da Abuja da Legas da Fatakwal. Idan numfashi ya sarƙe da tsakar dare, wanda zai fara shigowa shi ne maƙwabcinka, Bafulatani ne ko Gude ko Fali ko Margi ko Higi, Musulmi ne ko Kirista. Mutanen garin nan sun karɓi iyayenmu, sun ba su wurin zama. Dattijon da ya kyautata zama da su ya yi wa tsufansa tanadin da kuɗi ba ya saye.

Hanya ta uku: ƙetare

Akwai masu shirin ƙarasa rayuwa a wata ƙasa. Wasu na da gida da iyali a Garwa ko Marwa ko Ngaundere, wasu zuciyarsu na Makka da Madina, wasu kuma ɗa ne ko 'ya ke kiran su Ingila ko Amurka.

Mu fara da Kamaru tunda ga ta nan a bayan dutse. Saboda muna shiga muna fita ta Sahuda kamar zuwa cin kasuwa, mukan manta cewa wata ƙasa ce. Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, don haka yarjejeniyar zirga-zirga ta Afirka ta Yamma ba ta shafe ta ba, kuma mai zama na dindindin yana buƙatar katin zama. Iyaka kuma tana rufuwa. Kun tuna an rufe iyakokin Nijeriya a watan Agusta na 2019, sai a Disamba 2020 aka fara buɗe wasu. Tsohon da abincinsa da maganinsa ke fitowa daga wannan ɓangare alhali yana wancan, yaya ke nan? Sai maganar canji. Mai karɓar fansho ko kuɗin haya da naira yana kashewa da sefa, ba shi da iko da abin da zai iso hannunsa. A tsakiyar 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, zuwa farkon 2024 ta kai wajen naira 1,500. Sefa kuwa a ɗaure take da kuɗin Turai, don haka abin da ake aika wa tsoho can ya zube warwas. Ita ma sefar ba ta da tabbas, a Janairu 1994 an wayi gari an karya darajarta da rabi.

Ƙasa mai tsarki kuwa, wane Musulmi ne ba ya kwaɗayin a binne shi a Madina? Amma zama can sai da izinin zama. Izini na dindindin da Saudiyya ta fito da shi a 2019 an yanka masa riyal 800,000, kun ga ba na irinmu ba ne. Wanda ya tafi da bizar Umara ya maƙale, ya zama ɗan ɓoye. Saurayi ya iya wasan ɓuya da 'yan sanda, amma tsohon da ciwo ya kama yana tsoron zuwa asibiti kada a tambaye shi takarda, wannan wahala ya saya da kuɗinsa. Ƙarshenta a kama shi a dawo da shi da rigar jikinsa, gidan da ya sayar a nan kuwa ya tafi. Ka je ka yi ibadarka ka dawo, mutuwa tana inda Allah Ya rubuta.

Masu bin 'ya'ya Turai su sani, bizar ziyara ta Ingila wata shida ce, kuma baƙo ba ya cikin waɗanda ake yi wa maganin asibiti kyauta. Ɗanka zai fita aiki, matarsa za ta fita, jikoki su tafi makaranta, a bar ka da bango huɗu da sanyi, ba kiran salla, ba mai cewa ina kwana. Ziyara daban, ƙaura daban.

Tarihin 'yan'uwanmu ya ishe mu wa'azi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya a Gana ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice, aka ga dattawan zango waɗanda suka tsufa a can suna hawa manyan motoci zuwa garuruwan da suka manta hanyarsu. A Sudan kuwa, mutanenmu da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 sun kafa gari guda, Mai Wurno, a bakin Kogin Nilu, jikokinsu sun zama 'yan ƙasa, amma yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya raba miliyoyin mutanen ƙasar da gidajensu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda zai ƙetare ya tafi da takarda sahihiya, kuma ya bar ɗaki ɗaya a nan wanda bai sayar ba.

Abin rufin asiri

Ko wace hanya mutum ya zaɓa, akwai tanadin da ba makawa. Na farko abin kashewa.

Ma'aikatanmu su sani tsarin fansho ya canza tun dokar 2004, aka sake gyara ta a 2014. A tsarin yanzu ana cire kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, a zuba a asusun da ke ɗauke da sunansa. Kada ka jira sai ka cika shekara 60 ko shekara 35 ta aiki kafin ka leƙa asusun. Je ka duba ko ana zubawa, ka duba ko sunanka da ranar haihuwarka sun yi daidai da na katin ɗan ƙasa da na banki. Harafi ɗaya da ya saɓa yana iya sa tsoho jeka-ka-dawo na shekara guda.

Mu 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, mu ne mafi yawa, kuma ba mai ba mu fansho. A 2019 an ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho don masu cin gashin kansu, inda mutum ke zuba abin da ya sawwaƙa, kullum ko mako-mako ko wata-wata. Ga masu gudun kuɗin ruwa, tun 2021 hukumar fansho ta ƙasa ta buɗe asusun da ba a juya shi da riba ta ruwa. Matasa su je su bincika. Wanda hankalinsa bai kwanta da wannan ba, to ya yi nasa fanshon da hannunsa: ɗakunan haya biyu ko uku, ko shago, ko gona. Idan shanu ka ba makiyayi kiwo, a rubuta adadi da sharaɗi. Kuma don Allah kada dattijo ya juye wa ɗa jari kacokan ya zauna yana jiran a ba shi na goro. Ka ba shi ya juya, amma a yanka maka rabonka na wata, a gaban shaidu. Ba rashin yarda ba ne, kasuwa ce ba ta da amana.

Kuɗi a ƙarƙashin katifa ma ya daina zama tanadi. Dattawa sun tuna canjin kuɗi na 1984, kowa kuma ya ga abin da ya faru a farkon 2023 da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, yadda tsofaffi suka wuni a layin banki. Sai dai banki ma kada ya zama sirri tsakaninka da kabari. A samu amintacce ɗaya da ya san inda asusunka yake.

Lafiya da mai jinya

Cututtukan tsufa ba sa zuwa su wuce kamar masassara. Hawan jini, ciwon suga, yanar ido, ciwon gwiwa, riƙewar fitsari ga maza, duk abokan zama ne, kuma maganinsu na wata-wata ne har ƙarshen rai. A sa kuɗin magani a lissafin cefane. A riƙa auna jini ko ba a jin komai, domin shanyewar ɓarin jiki ba ta sallama. A 2022 an yi sabuwar dokar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ta tanadi asusu don marasa ƙarfi, da tsofaffi a cikinsu. Ya kamata shugabanninmu su je ofishin da ke kula da wannan a jiha su ji yadda ake shiga, su dawo su yi mana bayani. Sannan idan ciwo ya fi ƙarfin nan aka ce sai asibitin koyarwa na Yola, tafiyar kusan kilomita 200 ta Hong da Gombi da Song, wa zai raka? Wa zai biya mota? Gara a san amsar tun ana lafiya.

Yanzu na zo kan abin da muka fi jin kunyar faɗa. Wa zai juya ka a shimfiɗa? Wa zai wanke ka? Mukan ce ai akwai 'ya'ya. 'Ya'ya goma, amma idan ranar ta zo sai ka tarar aikin ya faɗa kan mutum ɗaya, galibi 'ya mace, ko matar ɗa, ko tsohuwar matar da ita kanta jinya take buƙata. Sauran sai bugo waya. Allah Ya yi mana umarni a Suratul Isra'i game da iyaye idan tsufa ya riske su a wurinmu, kuma umarnin bai ware na nesa ba. Uba ya tara 'ya'yansa da Salla, lokacin da kowa ya zo, ya raba aiki da bakinsa: wane zai zauna da ni, wane zai ɗauki magani, wance za ta riƙa zuwa duk wata. Wadda take jinya kuma a yanka mata wani abu, a riƙa karɓarta tana hutawa. Matar ɗa da ke wanke surukarta alheri take yi, ba bashi take biya ba, a gode mata.

Haka kuma idan gigin tsufa ya kama tsoho ko tsohuwa, yana manta sunan 'ya'yansa, yana fita ya ɓata, yana cewa an sace masa abu, cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Ba maita ba ce, ba kuma iskoki ba. A kai shi ga likita, a sa masa takarda mai suna da unguwa a aljihu, maƙwabta su san halin da ake ciki.

Wasiyya da hakkin iyaye mata

Malamai na nan, su gyara mini idan na kuskure. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yin ta ga mai gado. Matar mamaci tana samun ɗaya bisa takwas idan akwai 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu idan babu, kuma kishiyoyi rabawa suke yi. Mu buga lissafi. Mutum ya rasu ya bar gida ɗaya tak, aka sayar naira miliyan 8. Tumuni miliyan 1 ke nan. Mata biyu, kowacce naira 500,000. Wadda ke da 'ya'ya manya za ta bi su. Wadda ba ta haihu ba fa, iyayenta sun rasu, garinsu ta baro shi tun tana budurwa? Da ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma, ina za ta? Mun ga irin wannan a unguwanninmu, magada su zo daga gida, mutanen da ko sau ɗaya ba su taɓa duba mamacin ba, a sayar a raba a hau mota. Hakkinsu ne, shari'a ta ba su. Amma shari'ar nan ta ba mai gida damar ya yi wa matarsa kyautar ɗaki ko sashe tun yana da rai da lafiya, ta karɓa ta mallaka, a rubuta da shaidu. Kyautar da aka yi da baki ba a miƙa ba, ko aka bari sai a ciwon ajali, rigima take haifarwa.

Haka ɗan riƙo, da yaron shago da ya yi maka bauta shekara ashirin, ba su da gado. A cikin sulusin nan ake tuna su. Kuma ku sani, sunan da ka rubuta a banki ko ofishin fansho a matsayin makusanci bai mai da shi magaji ba, sai an je kotu an samo takarda kafin a saki kuɗi. Bashi kuma a rubuta, wanda kake bi da wanda ake bin ka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Daga ƙarshe ka gaya wa iyalinka a binne ka inda ka cika, kada a ɗora wa marayu ɗawainiyar ɗaukar gawa tafiyar yini guda.

Abin da nake roƙon ƙungiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina gabatar da shawarwari biyar, in an ga dama a tattauna su yau.

1. A buɗe littafi a rubuta duk tsoho da tsohuwa na cikinmu, unguwa-unguwa, da ciwon da ke damunsu, da wanda za a nema idan wani abu ya faru. A fara da waɗanda ba su da ɗa a gari.

2. A naɗa mutum biyu a kowace unguwa, namiji da mace, su riƙa zagaya su duk Juma'a.

3. A ware asusun magani daban da na biki da na jana'iza, mutum uku su riƙa sa hannu, a riƙa buga lissafinsa a mujallarmu. Mun iya haɗa kuɗin likkafani cikin awa ɗaya, ya kamata mu iya haɗa na magani.

4. A sa rana ɗaya a shekara, a gayyato alƙali ko lauya da malami, matasanmu masu ilimi su zauna su taimaka wa dattawa da takardun gida, da katin ɗan ƙasa, da rubuta wasiyya. A kuma nemi hulɗa da Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda aka sa hannu a dokar kafa ta a farkon 2018.

5. Allah Ya kiyaye, ba ma fatan a maimaita, amma kowane tsoho marar ƙarfi a san sunan saurayin da zai ɗauke shi idan gudu ya kama, ko gobara, ko ambaliyar Yedzaram.

Ku matasa, abin da kuka yi mana shi 'ya'yanku ke kallo. Mu kuma dattawa mu rage faɗa da ƙorafi, mu sauƙaƙa wa masu riƙon mu, mu riƙa sa musu albarka suna ji.

Ni dai na yanke tawa shawarar. Na tara yarana na gaya musu a Mubi zan zauna, na rubuta abin da ya kamata in rubuta, kwafi ɗaya na wurin liman, ɗaya na wurin ƙanena a gida. Ina roƙon kowane dattijo da ke nan, kafin zama na gaba, shi ma ya tara nasa.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, a yafe mini. Allah Ya jiƙan iyayenmu da ke kwance a ƙasar nan da waɗanda ke kwance a gida. Allah Ya zaunar da Mubi da Adamawa da Nijeriya lafiya. Allah Ya ba mu tsufa mai albarka, Ya rufa mana asiri, Ya sa mu cika da imani. Amin.